Yadda za ka ziyarci gidajen burbushin halittu na jami'o'in Birtaniya ba tare da ka biya ko kwabo ba

'Yan uwa da ke karatu ko aiki a Birtaniya, musamman masu iyali, wannan naku ne. Abun yana damuna gaskiya, mutum ya yi shekara guda yana mastas a Bamingham ko Manchesta, kullum yana wuce ƙofar gini da ke ɗauke da ƙasusuwan halittun da suka rayu tun kafin a san akwai wani abu wai shi ɗan Adam, shiga kyauta ce, amma har ya tattara ya koma gida bai taɓa leƙawa ba, wai shi ai ba jiyoloji yake karantawa ba. Ba sai kana karanta ilimin duwatsu ba. Ba ma sai kai ɗalibi ne ba, kowa na shiga, babu mai tambayarka katin makaranta. Mu da aka hore mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta, ina ganin mun fi kowa cancantar cika wuraren nan.

Abu na farko, zaɓi wanda ya fi kusa da kai, kar ka ce sai wanda ya fi suna. In kana Bamingham ko Kobantiri ko Wulbahamtin, naka shi ne Lapworth Museum of Geology, yana cikin jami'ar Bamingham a ginin Aston Webb, dab da doguwar hasumiyar agogon nan da ake hangowa daga nesa. Jami'ar tana da tashar jirgin ƙasa tata, sunanta ma University, daga babbar tashar New Street 'yan mintuna ne. Tarin kayan wurin ya faro tun 1880, an yi masa gyara gagarumi aka sake buɗewa a 2016. In kana Manchesta ko Bolton ko Solfod, Manchester Museum na kan Oxford Road, mallakar jami'ar Manchesta ne, shi ma an sake buɗe shi a Fabrairun 2023 bayan gyara. 'Yan Landan kuma suna da zaɓi biyu, ko Oksfod ko Kambirij, kowanne kusan awa ɗaya ne a jirgin ƙasa. Na Oksfod sunansa Oxford University Museum of Natural History, a Parks Road, an buɗe shi 1860. Na Kambirij shi ne Sedgwick Museum of Earth Sciences a Downing Street, wanda asalinsa ya koma har 1728 lokacin da wani likita John Woodward ya bar wa jami'ar tarin duwatsunsa. Masu zama Sikotilan kuna da Hunterian a jami'ar Gilasgo, tun 1807 yake.

In ka tambaye ni wanne ya fi dacewa da wanda bai taɓa zuwa irin wurin ba, zan ce Lapworth ko Sedgwick. Ƙanana ne, ba hayaniya sosai, kuma an jera kayan bi da bi yadda zamani ya tafi, kai ba ya juyawa. Na Oksfod ya fi su kyau a ido, wallahi ginin kaɗai ya isa ka je dominsa, amma yakan cika.

Kafin ka fita daga gida ka buɗe shafin gidan tarihin a wayarka ka duba ranaku da lokutan buɗewa na makon da za ka je, kar ka dogara da abun da wani ya faɗa maka bara. Wasu na rufewa Litinin, wasu Lahadi, kuma da yawansu sukan rufe tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Ka duba ko makon hutun 'yan makaranta ne, in shi ne toh ka sani za ka tarar da yara makil, ga kekunan jarirai ko'ina. In kai kaɗai ne ko ku biyu, safiyar ranar aiki ta fi, ko kuma bayan ƙarfe biyu lokacin da motocin makarantu sun kwashe yaransu. In kuwa ƙungiya ce, misali ƙungiyar ɗalibai ko 'yan islamiyya, sai kun aika musu saƙo tun da wuri kun kama rana, ba a son taro ya faɗo musu haka kwatsam, kuma amfanin ku ne domin wani lokacin sukan haɗa ku da wanda zai zagaya da ku.

Maganar kuɗin mota, shi ne kaɗai abun da zai ci aljihunka. Ɗalibi ya yi katin ragin jirgin ƙasa na 16-25 Railcard, yana rage kashi ɗaya cikin uku, kuma ko ka haura shekara 25 in dai kai cikakken ɗalibi ne kana iya samu, mutane da yawa ba su san wannan ba. Bas ta fi araha, daga Landan zuwa Oksfod akwai Oxford Tube da ke tashi daga wajen Victoria dare da rana. A ƙofa za ka ga akwatin gudummawa ko na'urar ɗora kati, ba dole ba ne, babu wanda zai harare ka in ka wuce, amma in kana da fam biyu ko uku ka sa, da irin wannan ake riƙe wurin.

Kayan tafiya kaɗan: ƙaramar jaka, ruwa, littafin rubutu da fensir, waya mai caji. Kar ka ja akwati ka zo da shi, yawancinsu ba su da wurin ajiya. Ba a cin abinci a cikin zauren kayan. Sallah kuma ka tsara ta tun farko, musamman lokacin sanyi da azahar da la'asar da magariba ke bin juna kusa kusa. Manchester Museum yana da ɗakin ibada a ciki, ga Rusholme a gaba kaɗan kan titin da abincin halal ba iyaka. A Kambirij akwai babban masallacin Mill Road da aka buɗe 2019, ana iya takawa da ƙafa. A Oksfod ka nufi Cowley Road, masallaci da abinci duk suna can.

Toh ka iso, ka shiga. Nan ne yawancin mutane ke yin asara, su shiga su ɗauki hoto da babban ƙwarangwal ɗin bakin ƙofa, su zagaya cikin minti ashirin, su fito suna cewa duwatsu ne kawai. Ni shawarata, ka yi zagaye biyu. Na farko da sauri, kar ka karanta komai, kawai ka ga yadda aka shimfiɗa wurin kuma ka lura da abubuwa uku ko huɗu da suka ja hankalinka. Na biyu shi ne ziyarar, ka koma wa waɗannan ka tsaya a kansu, kowanne ka ba shi minti goma ko fiye.

Kuma kafin zagaye na biyu ka nemi allon zamunna, kowane gida yana da shi, yawanci doguwar taswira mai launi launi. Abun da kake buƙata ka riƙe ba shi da yawa. Masana sun ƙiyasta shekarun duniya kusan miliyan 4,500. Halittu masu ɓawo da ƙashi sun fara yawaita a teku kusan shekaru miliyan 540 da suka wuce, zamanin da ake kira Kambiriyan. Dainoso, dabbobin nan na da can masu kama da manyan ƙadangaru, sun yi zamunna uku, Tirayasik da Jurasik da Kiretashos, suka ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. In ka ga Ma ko mya kusa da lamba a takardar bayani, miliyoyin shekaru ake nufi. Dokar duka abun ɗaya ce, duwatsun da laka da yashi suka kwanta suka zama su, jere suke kamar kwanukan ɗakin amarya, na ƙasa shi aka fara ajewa. Dabba ta mutu, laka ta binne ta da wuri kafin ta ruɓe, ruwan ƙasa mai ɗauke da ma'adinai ya riƙa ratsa ƙashin a hankali har ya koma dutse, shi ne burbushin da kake gani, shi ya sa yake da nauyi da launin ƙasa ba fari ba.

Yanzu karatun takardar bayani, wannan shi ne asirin wurin gaba ɗaya. Abu huɗu za ka nema: sunan halittar, inda aka tono ta, shekarunta, sai kuma ko na asali ne ko kwafi. In ka ga an rubuta cast ko replica, kwafi ne da aka zuba daga jikin na asalin. Kar ranka ya ɓaci, manyan ƙwarangwal ɗin da ke tsaye yawanci kwafi ne, domin ƙashin da ya zama dutse ya yi nauyin da ba a rataye shi haka, kuma na asalin guda ɗaya ne a duniya. T. rex ɗin Manchesta, ƙaton dainoso mai cin nama da ake ce wa Stan, kwafi ne, an tono na asalin a Amurka. Allosaurus na Lapworth kwafi ne. Iguanodon da zai tare ka a Sedgwick shi ma haka. Na asalin su ne waɗanda ke kwance shiru cikin gilashi, ƙanana, marasa ɗaukar ido, mutane na wuce su.

Misali a Oksfod, kowa na rububin T. rex, amma abun da ya fi komai daraja wani guntun muƙamuƙi ne na ƙasa mai haƙori ɗaya dogo a tsaye da wasu ƙanana da ba su gama fitowa ba. Na Megalosaurus ne, an samo shi a Stonesfield kusa da Oksfod, masanin duwatsu William Buckland ya yi bayaninsa a 1824, kuma shi ne dainoso na farko da aka taɓa raɗa wa suna a kimiyyance, tun ma ba a ƙirƙiro kalmar dainoso ba sai 1842. Ka matsa kusa ka dubi gefen haƙorin, za ka ga 'yan tsage tsage irin na zarto, da su yake yanka nama. Duba takardar ka ga ko na asalin ne aka fito da shi ranar ko kwafinsa. Kafin ma ka shiga ginin, kan ciyawar gaba akwai kwafin sawun ƙafar irin wannan dabba a jere, sa yaro ya taka daga wannan sawu zuwa wancan ya ga tsawon takun. A ciki kuma ka ɗaga kai, rufin gilashi ne da ƙarfe, ginshiƙan da suka kewaye zauren kowanne da irin dutsen da aka sassaƙa shi, an rubuta sunan dutsen da inda aka samo shi a gindi, wato ginin kansa darasi ne. Nan ne kuma ake ajiye da kai da ƙafar dodo, tsuntsun tsibirin Morishos da ya ƙare a ƙarni na 17, na asalin suna ajiye a ciki, kwafi ake nunawa. In ka gama ka bi ta ƙofar baya ka faɗa Pitt Rivers Museum, shi ma kyauta, akwai kayan Najeriya da yawa a can.

A Sedgwick abun da nake so kowa ya tsaya a kai shi ne dorinar Barrington. E, dorina, irin wadda muka sani a kogin Kwara da Binuwai, amma an tono ƙasusuwanta a wani ƙauye kusa da Kambirij, ta rayu kusan shekaru 125,000 da suka wuce lokacin da ƙasar ta yi ɗumi tsakanin zamunnan ƙanƙara. Ka fito daga sanyin da ke huda ƙashi ka tarar da dorina 'yar asalin garin, sai ka gane canjin yanayi da ake ta magana ba tatsuniya ba ce, ƙasa tana juyawa. Akwai kuma akwatunan katako na Woodward na asali da duwatsun da Charles Darwin ya tattaro a tafiyarsa ta jirgin ruwan Beagle tsakanin 1831 da 1836. Tsallaken titi ga gidan tarihin dabbobi na jami'ar da ƙwarangwal ɗin kifin wel a rataye, shi ma ba a biya.

A Lapworth kuma tirilobayit, wasu halittun teku masu jiki gaɓa gaɓa, ƙanana, wasu ma ba su kai tsawon yatsa ba, da aka samo a Dudley kusa da Bamingham, sun haura shekaru miliyan 420. Ka dubi idanunsu da kyau, a wasu har ɗigo ɗigon ƙwayar idon ana gani. Wasu sun dunƙule jikinsu, a haka mutuwa ta same su. A Manchesta kar ka bar kututturen bishiyar nan mai saiwoyi a baje da ta zama dutse, daga dazuzzukan da suka zama kwal ɗin da ya gina masana'antun garin. A Gilasgo ka tambayi burbushin kifin shak da aka tono a Bearsden kusa da garin.

Sashen ma'adinai mutane kan tsallake shi, ni kuwa ina ganin nan ne Bahaushe zai fi jin yana gida. Nemi cassiterite, kuza ce, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos shekara da shekaru. Nemi trona, dangin kanwa ce. Nemi halite, gishirin dutse, ka tuna ayarin Bilma. Sannan ka nemi galena, dutse mai ƙyalli ruwan toka da ke tsagewa murabba'i murabba'i, shi ne tozalin gargajiya da ake niƙawa, kuma in ka karanta takardar za ka ga ma'adinin dalma ne. Iyaye mata a kula da wannan, dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 lokacin da ake dakan duwatsun zinare a cikin gidaje. Wannan kaɗai ya isa a kai iyali su gani da ido.

In da yara ka je, kar ka matsa musu da karatu. Tambayi teburin ƙofa ko akwai takardar farauta ta yara, yawanci akwai, ana ba su jerin abubuwan da za su nemo. Ba wa kowanne fensir ya zana abu ɗaya, zane yana sa ido ya ga abun da hoto ba ya sa a gani. Ka nuna musu bambancin haƙorin mai cin nama da na mai cin ganye su riƙa cankar sauran da kansu. Dokar taɓawa kuma ka faɗa musu tun a waje, ba a taɓa komai sai inda aka rubuta a taɓa, kuma akwai irin wuraren, a Oksfod har dutsen da ya faɗo daga sama ana barin a shafa. Awa ɗaya da rabi ta ishi yaro, in ya fara gajiya a fita, gara ya tafi yana son dawowa. Hoto an yarda a yawancinsu, a kashe filasha dai. Mai keken jariri ko keken guragu ya tambayi lif, Sedgwick musamman matakala ce a gabansa amma akwai wata hanyar.

Kuma dan Allah ka yi magana da ma'aikatan. Wannan shi ne bambancin gidan tarihin jami'a da sauran, wanda ke zaune a tebur sau da yawa ɗalibin fannin ne ko mai aikin sa kai da ya san kayan ciki da waje, suna jin daɗin tambaya. Kar ka ji kunyar Turancinka. Tambaye su ko suna da wani abu daga Najeriya ko Nijar, ko da ba a fito da shi ba, domin abun da ke cikin gilashi ɗan kaɗan ne cikin abun da suka ajiye, Sedgwick kaɗai na da kusan guda miliyan 2.

Dalilin da ya sa na ce a yi wannan tambayar, ƙasarmu ba baya ba ce a wannan fage ko kaɗan. A Gadufawa cikin hamadar Tenere, jihar Agadas, aka tono Nigersaurus, dainoso mai faffaɗan baki da haƙora kusan 500, da Ouranosaurus, da Suchomimus mai cin kifi, da Sarcosuchus, kada mai girman da ya kai mita 9 ko fiye, duk kusan shekaru miliyan 110. Wajen Ingal aka samo Jobaria. Bafaranshe Philippe Taquet da Ba'amurke Paul Sereno su ne suka yi fice a aikin, kuma wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal ɗin wasu daga ciki, ko da yake shi ba na jami'a ba ne kuma akan biya ɗan kuɗin shiga. A ɓangaren Najeriya akwai Goronyosaurus, wata dabbar teku mai kama da ƙadangare da aka raɗa wa sunan Goronyo ta jihar Sakkwato, domin a ƙarshen zamanin dainoso teku ne ya ratsa yankin. Farar ƙasar Kalambaina da ake simintin Sakkwato da ita ragowar halittun teku ce, haka ta Ashaka a Gombe inda ake samun amonayit, masu naɗaɗɗen ɓawo irin na dodon koɗi. Kano da Zariya kuwa ba a samun irin wannan, domin duwatsu irin su Kufena narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa, ba laka ba ce da ta binne wani abu. In ka ga amonayit a Kambirij ka kalle shi da kyau ka riƙe siffarsa, 'yan uwansa na nan a gida.

Wanda abun ya shiga ransa akwai mataki na gaba. Kusa da Bamingham, a Dudley, akwai Wren's Nest, wurin da aka keɓe, shiga kyauta, inda aka yarda ka tsinci burbushin da ya riga ya zube ƙasa, amma ba a yarda da guduma ko fasa dutse ba. Sa takalmi mai riƙe ƙasa, ka je bayan an yi ruwa domin ya wanke duwatsun, ka tsuguna ka duba a hankali, za ka samu murjani da ƙananan ɓawo, mai sa'a ya samu guntun tirilobayit. Abun da ka tsinta ka nannaɗe shi a takarda ka rubuta wurin da ranar, domin burbushin da ba a san inda ya fito ba rabin amfaninsa ya tafi. Gidajen nan da yawa suna duba wa mutane abun da suka tsinta, ka aika musu hoto ta imel tukuna, ka ajiye kwabo ko biro a gefensa a ga girmansa. Haka in ka koma gida ka ci karo da ƙashi ko ɓawo a cikin dutse, a gona ko wurin haƙar farar ƙasa, kar ka ɓamɓare shi kuma kar ka sayar wa dillali, ɗauki hoto daga nesa da kusa, ka adana lambar wurin a taswirar wayarka, ka kai wa sashen jiyoloji na jami'ar da ta fi kusa da kai.